Dariyar da Ke Kwance Harshen Baƙon Yaro

Duk malamin firamare da ya taɓa koyarwa a Yelwa ko Wara ko Zamare ya san irin wannan yaro. Yana zaune can ƙarshen benci, idonsa na kan allo, bakinsa gum. A kira sunansa ya miƙe, a yi masa tambaya ya sunkuyar da kai. Kafin wata ya zagayo malami ya yanke masa hukunci a zuci cewa daƙiƙi ne. Alhali da za a bi shi bakin ruwa da la'asar, za a iske shi yana warware wa babansa taru, yana kasa kifi kashi-kashi, yana zuba zance da Zabarmanci ko Nufanci ko Kambarci kamar ba shi ba. Ƙwaƙwalwarsa lafiya lau take. Harshen gari ne bai kama ba tukuna, ɗan abin da ya kama kuma tsoron dariyar 'yan aji ya ɗaure shi.

Ƙasar Yauri ba ta taɓa rabuwa da irin waɗannan yara ba, domin kogin Kwara hanya ne tun kafin a san mota. Ga Gungawa a tsibirai, ga Kambari da Dukkawa a tudu, ga Shangawa da Lopawa, ga Sarkawa masunta da suka gangaro daga arewa da Nufawa da suka hauro daga kudu. Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya shanye ƙauyuka, aka tashi mutane sama da dubu 40 aka sake musu matsuguni, tafkin da ya samu kuma ya jawo masunta daga nesa, har daga Nijar da Mali. A 'yan shekarun nan ga masu haƙar zinariya, ga iyalan da rashin tsaro ya koro daga gonakinsu. Kowa ya zo da 'ya'yansa, kowane yaro kuma hawa biyu ne a gabansa: Hausar kasuwa da dandali, sannan Turancin jarrabawa.

Akwai malaman da suka san yadda ake kwance bakin irin wannan yaro, kuma makaminsu wasan kwaikwayo ne da ban dariya. Ina ganin gwanintarsu ta cancanci a tsaya a dube ta da kyau, domin mai kallo daga taga zai ɗauka shashanci ake yi, alhali kowane motsi da lissafinsa.

Ga yadda gwanar malama takan yi. Ta ja tebur tsakiyar aji ta ce yau nan kasuwar kifi ce. Ta kife faranti, ta zuba 'yan duwatsu ko guntayen alli a matsayin tarwaɗa da karfasa. Sai ta ɗauko wata tsohuwar hula ta ɗora wa baƙon yaro, ta ce daga yanzu kai ne Alhaji mai kifi. Ita kuma ta yafa gyale, ta rungumi sanda, ta ranƙwafa, ta zama tsohuwa mai nauyin kunne.

"Alhaji, nawa kashin tarwaɗar nan?"

Yaro ya ce a hankali, "Ɗari biyar."

"Ɗari biyu? Kai, Allah ya yi maka albarka, ɗan kirki!" Ta fara kwasa.

Aji ya kwashe da dariya. Yaro ya ga dukiyarsa za ta tafi a banza, sai ya ɗaga murya: "A'a, Inna, ɗari biyar!" Ta sake karkata kunne, ta ji wani abu daban, ta taya ɗari uku. Wani daga baya ya raɗa masa abin da ake cewa in tayi bai yi ba, shi kuma ya buga hannu a tebur ya ce, "Albarka!" Kafin a sallama, ya faɗi kuɗin nan sau da yawa, ya koyi ragi da gyara, ya ji yadda ake gaida tsohuwa da yadda ake ƙin tayinta ba tare da an ci mata fuska ba.

A lura da inda dariyar ta sauka. A kan tsohuwa ta sauka, wato a kan malama. Yaron da ya kwana biyu yana gudun a yi masa dariya, yau da shi aka yi wa wani. Sannan hular nan ba ado ba ce. Muddin tana kansa, in ya yi tuntuɓen harshe, Alhaji mai kifi ne ya yi, shi kuwa mutuncinsa na nan a ajiye har ya tuɓe ta. Nauyin kunnen tsohuwa kuma dabara ce ta sa a maimaita magana ba tare da an ce "ku maimaita bayana" ba. Maimaicin da ake yi a bakin allo, baki ne kawai ke motsi. Wanda ake yi don kada a kwashe wa mutum kifi, da zuciya ake yin sa, shi ya sa yake zama.

Masana koyon harshe sun daɗe da lura da wannan. Stephen Krashen na Amurka ya yi bayani tun farkon shekarun 1980 cewa fargaba da jin kunya kan tsaya tsakanin kunne da ƙwaƙwalwa, ta yadda mai koyo zai ji magana sarai amma ba za ta shige shi ba. Wanda ya taɓa tsayawa gaban babban mutum ya manta gaisuwar da ya iya tun yana goye ya san gaskiyar haka. Dariya tana sassauta jiki, in jiki ya saki sai harshe ya bi.

Abin da ya fi burge ni a aikin irin wannan malama shi ne yadda take gyara kuskure ba ta nuna mai shi ba. Zabarmanci da Nufanci da Fulatanci ba sa raba namiji da mace a wakilin suna yadda Hausa ke yi, don haka "kai" da "ke", "ya zo" da "ta zo", su ne ramin da kowane sabon zuwa ke faɗawa. Malamar da ba ta ƙware ba za ta tsai da yaro ta gyara masa a gaban kowa, shi kuma ya ƙudurta ba zai ƙara buɗe baki ba. Gwana kuwa ita za ta ɗauki kuskuren ta aza wa kanta. Ta ɗauki ƙunshin kaya a ka, ta zama baƙuwar da ta sauko daga jirgin ruwan Rofiya yanzun nan, ta dubi ƙaton yaron da ya fi kowa tsawo ta ce, "Ke yarinya, ina hanyar tasha?" Aji ya ɓarke, kowa na rige-rigen gyara mata. Ta yi godiya, ta juya ga wata yarinya ta ce mata "kai". A sake gyarawa. Baƙon yaro na zaune yana dariya tare da kowa, ya ji ƙa'idar ta fito daga bakuna da yawa, kuma ba wanda ya dube shi. Haka take yi da ƙ da ɗ da ɓ, waɗanda kan wahalar da wanda bai tashi da su ba: ita za ta riƙa ɓata su da gangan, yara su zama malamanta.

Wannan fasaha tana da tarihi rubutacce, kuma wani reshenta daga 'ya'yan baƙi ya faro. A birnin Shikago na Amurka akwai wani gida da ake kira Hull House, wanda Jane Addams da abokiyar aikinta Ellen Gates Starr suka buɗe a 1889 a unguwar talakawan da suka yi ƙaura daga ƙasashen Turai. A nan wata malama, Neva Boyd, ta riƙa horar da masu aiki da yara kan amfani da wasanni da tatsuniyoyi. Cikin ɗalibanta a shekarun 1920 akwai Viola Spolin, ita ma 'yar baƙi ce, iyayenta daga Rasha suka zo. Daga 1939 zuwa 1941 Spolin ta jagoranci sashen wasan kwaikwayo na wani shirin gwamnati a Shikago, inda ta tarar da yara masu harsuna daban-daban, waɗanda ba za a miƙa musu rubutaccen wasa a ce su haddace ba. Sai ta ƙirƙiro gajerun wasanni da kowa zai iya shiga. A wani, yara biyu su fuskanci juna, ɗaya ya zama madubin ɗaya, yana kwaikwayon duk motsinsa. A wani, a yi magana da harshen da babu shi a duniya, surutu kawai, amma dole mai sauraro ya gane ko ciniki ake yi, ko faɗa, ko roƙo. Hikimar wannan na biyun ta kai a jinjina mata: in harshen ba na kowa ba ne, to ɗan gari bai fi baƙo ba, kowa da fuska da hannu da hawa da saukar murya zai nemi a fahimce shi. Ita kuma tana gefe tana jefa 'yar gajeriyar kalma ta tuni, ba ta tsai da wasa ba. Ta tattara dabarunta a littafi a 1963. Ɗanta Paul Sills na cikin waɗanda suka kafa gidan ban dariya na Second City a 1959, inda manyan 'yan barkwancin Amurka da yawa suka sami horo. Wasannin da aka shirya don yaran da ba su iya Turanci ba, su suka koma tushen wata babbar sana'a.

Amma ɗan Yauri ba sai ya je Shikago ba kafin ya ga wannan makaranta. Tana fitowa kowace shekara in azumi ya kai kwana goma. A dubi tashe da idon malami. Akwai mai bayarwa, akwai 'yan amshi. Amshin gajere ne, kuma a taro ake yin sa, don haka wanda bai iya ba zai ɓuya cikin muryoyin sauran har ya iya. Akwai shiga: gemun auduga, tsumma, rawanin aro. Sannan ana bi gida-gida, wasa ɗaya a maimaita shi a ƙofa bayan ƙofa har dare ya raba, gobe a sake. Yaron da iyayensa suka sauka a unguwa kafin azumi, da farko gwangwani za a ba shi ya kaɗa, ko jakar da ake zuba hatsin sadaka. Bayan 'yan kwanaki bakinsa ya fara bin amshi. Kafin a ga watan salla ya san sunayen itatuwan magani daga wasan Jatau, ya san yadda ake sallama a zaure da yadda ake godiya in an ba da. 'Yan mata ma haka, a nasu wasannin na zaman aure irin su Mairama da Daudu. Ba wanda ya kira wannan darasi, amma duk sharuɗɗan da masana ke nema suna ciki. Malamin da ya fi iya aikin nan, a ganina, shi ne wanda ya tuna tashen ƙuruciyarsa ya shigo da tsarinsa aji.

Sai dai dole a faɗi ɗaya gefen, domin nan ne gwaninta ke rabuwa da ɓarna. Al'adarmu ta ban dariya ba ta cika tausayin baƙon harshe ba. A tashe akwai Macukule, inda ake kwaikwayon Bagware. A bakinmu duk wanda Hausarsa ta karkace gwaranci yake yi. A finafinai an sha fito da Bayarabe ko Bafillace ko Inyamuri don kawai a yi wa lafazinsa dariya. Irin wannan dariya in ta shiga aji, ta gama da baƙon yaro. Rana ɗaya tak aka kwaikwayi yadda yake furta wata kalma, aka laƙaba masa ita ta zama sunansa, to an rufe bakinsa har ƙarshen zango. Malamin da zai yi wasa da dariya kamar mai tuƙin kwale-kwale ne a tsakiyar Kwara: ruwan da ke ɗauke da shi, shi ne kuma mai iya kifar da shi, sai wanda idonsa ke kan igiyar ruwa. Yana kallon fuskar yaron a kowane lokaci. In ya ga murmushi ya koma yaƙe, nan take zai jawo dariyar kansa, ko ya sauya wasan.

Ma'aunin da zai yi amfani da shi yana nan cikin barkwancinmu na gargajiya. Bafillace da Babarbare, Bagobiri da Bayarabe, Bakatsine da Banufe, Bakano da Bazazzagi, kowa na tsokanar ɗan'uwansa ba a jin haushi, saboda kowa na da damar ramawa. Jamhuriyar Nijar ta ɗauki wannan al'ada da muhimmanci har hukumar UNESCO ta sanya ta cikin gadon al'adun duniya a 2014. In yaro ba shi da bakin da zai rama, wasan ya zama zalunci. Shi ya sa gwanin malami kan tanadi ranar da za a juya lamarin. A ranar, ɗan Zabarma ko ɗan Gungu ne malami, zai koya wa aji ƙirga ɗaya zuwa goma da harshen gidansu, malam kuma ya zauna a benci ya gwada, ya kasa, a yi masa dariya son rai. Daga ranar aji ya gane cewa kowa bagware ne a wani harshe.

Marigayi Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, ya nuna wa Arewa gaba ɗaya wata hanya. Banufe ne daga Pategi, a bakin wannan kogi namu, tsohon soja. A shirinsa na Samanja Mazan Fama, a rediyo da talabijin na Kaduna, Hausar bariki yake yi, cakuɗe da Turancin soja. Mutane sun yi dariya har da hawaye, amma mai karyayyen harshen shi ne mai ba da umarni, shi kowa ke ƙamewa a gabansa, shi kuma masu kallo suka fi ƙauna. Darasin ga malami a bayyane yake: ba baƙon yaro matsayin mai iko a cikin wasa. Ya zama direba, ko alƙali, ko sarkin kasuwa. Kada kullum ya zama ɗan aike.

Dorothy Heathcote ta Ingila, wadda ta fara aiki a masaƙa tana 'yar shekara 14 kafin ta zama malamar jami'a a Newcastle, ta gina koyarwarta a kan wannan. Takan shiga wasa a matsayin wadda ba ta sani ba, ta yafa wa yara rigar gwanaye, su za su warware matsalar. A bakin Kainji wannan ba ya buƙatar ƙage, domin yaran gwanayen ne da gaske. A naɗa ɗan masunci Sarkin Ruwa, sauran aji su zama jami'an da suka zo daga Birnin Kebbi neman bayani. Yaya ake jefa birgi? Mene ne bambancin mamari da gura? Yaushe farin ruwa na damina ke zuwa, yaushe baƙin ruwan da ke tasowa daga tsaunukan Gini ke isowa a cikin hunturu? Yaron ya san amsar kowace tambaya tun kafin ya san haruffa. Kalmomin ne kaɗai yake nema, kuma wanda ke da abin faɗa ba ya daɗewa bai samo kalmominsa ba.

Ga yara mata sai an ƙara lallashi, domin an tarbiyyantar da su da kunya, kuma ba daidai ba ne a karya ta da ƙarfi. Malama mai hankali takan fara da su a rukuni, ko ta ba su 'yar tsana ta yi magana a madadinsu. Kuma su suka fi buƙatar abin da littafi ba ya koyarwa. Sau da yawa yarinya ce ke raka mahaifiyarta asibiti ta zama tafinta. Yaya za ta ce ciwon na murɗawa ne ko na suka? Yaya za ta ce wa ma'aikaciya ba ta gane ba, a sake mata bayani? Ana shirya wannan a aji, a tsaya a tsakiya a tambayi sauran yara me ya kamata ta ce, wata ta taso ta karɓi matsayin ta gwada tata dabarar. Malaman wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello, irin su Michael Etherton da Salihu Bappa da Oga Steve Abah, sun kai wasa ƙauyuka suna tattauna matsala da manoma a cikinsa, tun daga Wasan Manoma na Soba a 1977. Abin da ya yi wa manoma amfani zai yi wa yarinya 'yar shekara goma.

Na san akwai iyayen da za su ce sun kawo yaro karatu ne, ba wasa ba, kuma damuwarsu abar girmamawa ce. Wasa shi kaɗai ba ya koyar da rubutu. Gwanin malami ya san haka, shi ya sa in an tuɓe hula yakan koma allo ya rubuta jimlolin da suka fito daga bakin yaran, a karanta, a kwafa. Yaro ba ya manta rubutun maganar da shi ya faɗe ta. Da Turanci ma haka ake yi, kasuwar nan dai, tsohuwar nan dai. Kuma wasa a makarantar Hausa ba baƙon abu ba ne: Abubakar Tunau ya rubuta Wasan Marafa tun shekarun 1940 don koyar da tsabta.

Damuwata ta fi karkata wani wajen. Frank Salamone, wanda ya yi bincike a Yauri a shekarun 1970, ya rubuta yadda Gungawa da yawa suka rikiɗe suka zama Hausawa. Hausa harshe ne mai haɗiye maƙwabtansa, kuma ba na son a koya wa yaro ita ta hanyar da zai ji kunyar harshen kakarsa. Wasan kwaikwayo na da maganin wannan in an so. A sa tafinta a cikin wasa: tsoho ya yi ƙara da Gunganci ko Kambarci, tafinta ya juya wa alƙali da Hausa. A nan yaro mai harshe biyu shi ne wanda wasa ba ya tafiya sai da shi.

Tun 1989 akwai hukumar ilimin makiyaya ta ƙasa, wadda aikinta ya haɗa da 'ya'yan masunta masu ƙaura, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu tana yaye malaman da za su koyar a wannan yanki. Ina roƙonsu su sa wannan fasaha cikin horon da suke bayarwa. Ku kuma hedimastocin Yauri da Ngaski da Shanga, ba sai kun jira takarda daga sama ba. A kowace makaranta akwai malami ko malamar da yara ke rububin ajinsu saboda iya ba da labari da kwaikwayon murya. Ku nemo su, ku haɗa su da sababbin zuwa, ku ware musu darasi ɗaya a kowane mako daga zangon karatu mai zuwa.